A Tsaya Kan Sabon Lokotoro Kafin a Sakar Masa Wuƙa

Kowace shekara, ɗaliban aikin likita da suka kammala karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da takwarorinsu na jami'o'in Maraɗi da Damagaram, sukan tsaya gaban malamansu su kare binciken da suka rubuta, su ɗaga hannu su yi rantsuwa, daga nan a soma kiransu lokotoro. Rana ce ta farin ciki, kuma ta cancanci haka, domin a lokacin da aka buɗe makarantar koyon aikin likita a Yamai cikin 1974, ƴan ƙasa masu wannan matsayi ba su da wuyar ƙidayawa. Bayan biki sai takardar tura aiki ta fito: wani a kai shi Kaita, wani Buza, wani Abalak ko Cintabaraden, wani kuma a bar shi cikin garin Tawa. Ranar da ya sauka, majo zai nuna masa ofishinsa, a miƙa masa makullai, a rubuta sunansa cikin jerin masu aikin dare. Tambayar da ta kamata shugabannin kiwon lafiya na jahar Tawa su yi wa kansu ita ce: kafin daren farko da za a tashe shi a ce ga mace ta kasa haihuwa, wane ne ya tsaya ya ga hannunsa, a cikin wannan asibitin, da waɗannan kayan aikin?

Masu manyan motoci a tashar Tawa sun daɗe da amsa irin wannan tambaya a sana'arsu. Yaro yakan zo da permi sabo ful, hatimin hukuma a kansa, babu mai musun cewa ya ci jarrabawa. Duk da haka babu mai motar da zai danƙa masa makulli ya ce ya ɗauki lodin albasa ya gangara da shi duwatsun Adar shi kaɗai. Sai tsohon direba ya zauna kusa da shi tafiya uku ko biyar, ya ga yadda yake taka birki a gangare, da abin da yake yi idan dabba ta gifta masa. Permi shaida ce ta cewa yaro ya koya. Zaman tsohon direba kuwa shi ke nuna ko abin da ya koya ya zauna a hannunsa. Idan ana yin haka saboda buhun albasa, cikin ɗan Adam ya fi cancantar a yi masa.

Ƙaramar hukumar Bambeye, wadda ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 100,000 a cikinta, ta isa misali. Macen ƙauye da naƙuda ta yi wa tsawo, daga ɗakinta ake soma kai ta gidan likita na kusa, sau da yawa a kan amalanke. Daga can a tura ta babbar cibiyar lafiya. Idan abin ya gagara, a nemi mota a nufi Tawa da ita. Kowane zango yana cin sa'o'i. Kafin ta iso ɗakin fiɗa ta galabaita, wataƙila jini ya zuba, wataƙila ɗan ya gaji a ciki. Mijinta, idan ma yana gida bai tafi ci-rani Abijan ko Libiya ba, ba ya da ikon zaɓen wanda zai yi mata aiki, ba ya kuma da hanyar sanin ko wannan ce fiɗa ta biyar da lokotoron ya yi shi kaɗai ko ta ɗari biyar. Ya dogara ga farar riga. Hukumar da ta sa wa mutum rigar ita ce ke ɗauke da nauyin wannan amana.

Ba a rasa abin yabo ba a tarihin wannan al'amari. Cikin 2005 gwamnati ta yanke shawara biyu masu nauyi. Ta farko, ta ɗauke wa mata kuɗin haihuwa ta fiɗa. Ta biyu, ma'aikatar kiwon lafiya da tsangayar koyon aikin likita ta Yamai suka ƙulla shirin kai aikin fiɗa asibitocin gunduma, ta hanyar ɗaukar lokotoro na gama-gari a ba shi horon wata 12 kan fiɗar gaggawa da sauran ayyukan da suka fi yawa a karkara. Dalilin a fili yake: ƙwararrun masu fiɗa kaɗan ne, mafi yawansu suna Yamai, Yamai kuwa tafiyar kilomita fiye da 500 ce daga Tawa. Malaman jami'ar sun bi sawun shirin a jahar Doso, suka buga sakamakon cikin 2009. A shekarar 2007, asibitocin gunduma uku sun yi wa mutum 544 aiki. Cikin waɗanda aka shirya wa rana, akasarinsu masu ƙaba da gwaiwa, babu wanda ya rasu. Cikin waɗanda aka yi wa aikin gaggawa, wanda kashi 70 cikin 100 nasa haihuwa ta fiɗa ce, kimanin mutum 7 cikin 100 suka rasu. Yawan marasa lafiya da ake turawa babban asibitin Doso kuma ya ragu ƙwarai.

Wanda ya karanta waɗannan alƙaluma ya ɗora laifi kan lokotoron gunduma ya yi rashin adalci, domin yawancin masu mutuwa a aikin gaggawa jinkirin hanya ne ya riga ya cinye su. Shirin ya ceci rayukan da a da hanya ke haɗiyewa. Amma alƙaluman sun nuna inda haɗari yake taruwa: a aikin dare, wanda ba a shirya masa ba, inda lokotoro yake shi kaɗai kuma dole ya yanke shawara cikin minti kaɗan. Masu binciken da kansu sun ambaci ƙarancin ma'aikata, da lalacewar kayan aiki, da buƙatar a ci gaba da horo bayan an tura mutum wurin aikinsa.

A nan giɓin yake. Mai koyo yana yin horonsa a babban asibiti, malaminsa na tsaye a gefensa, akwai ƙwararren mai ba da maganin barci, akwai ma'ajiyar jini, akwai wanda za a kira idan abu ya rikice. Ranar da aka kai shi gunduma sai ya tarar da wata duniya: fitila ɗaya, inji mai ba da wuta wanda ke jiran gazuwal, jini sai an nemo dangi, mataimaki kuma wataƙila shi ma sabo ne. Mutumin da ya ƙware a wuri na farko yana iya rikicewa a na biyu, kuma takardar shaidarsa ba za ta faɗi haka ba, tun da an rubuta ta kafin ya je.

Ƙasashen da suka riga suka ci karo da wannan matsala sun koya ne ta hanya mai zafi. A Amurka, cikin 1960, wani saurayi ɗan shekara 18 ya karye a ƙafa wajen wasan ƙwallo, aka kai shi wani ƙaramin asibiti na jihar Ilinoi. Lokotoron da ke aiki a ranar, wanda ɗori ba fanninsa ba ne, ya ɗaure ƙafar da filasta ya matse. Yatsu suka kumbura, suka yi baƙi, suka yi sanyi, ma'aikata suna gani, ba a kira ƙwararre ba, har daga baya aka yanke ƙafar. Asibitin ya ce laifin na lokotoro ne shi kaɗai. Cikin 1965 babbar kotun jihar ta ce a'a: asibitin da ya buɗe wa mutum ƙofarsa ya ce ya yi aiki, wajibinsa ne ya san abin da mutumin ya iya, ya kuma duba abin da yake yi. Daga irin wannan hukunci ne al'adar ba da izini aiki-aiki ta yi ƙarfi, wato asibiti ya rubuta wa kowane lokotoro jerin ayyukan da ya yarda ya yi a cikinsa. Tun daga 2008 kuma, hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin ƙasar ta wajabta cewa duk wanda aka ba sabon izini, ko yaro ne ko mai furfura, sai an sa masa ido na wani lokaci kafin a tabbatar masa da shi. Kowane asibiti ke yanka wa kansa yawan ayyukan da za a duba. Ana yin duban ta fuska uku: a ji shawarar lokotoro kafin ya taɓa mara lafiya, ko a tsaya a kansa yana aikin, ko a karanta takardun mara lafiya bayan an gama.

Akwai bambanci tsakanin malami da mai sa ido, kuma ya kamata jami'ai su riƙe shi. Malami yana koyarwa, yana kama hannun ɗalibi, nauyin mara lafiya yana wuyansa. Mai sa ido shaida ne: hukumar asibiti ce ta aiko shi ya gani ya kawo mata rahoto, domin ta yanke hukunci. Idan ya riƙa gyara kowane ɗinki yana faɗin abin da za a yi, to hannunsa aka gwada, na sabon bai fito ba. Sai dai Amurkawa sun kai wannan bambanci inda bai kamata a bi su ba. Cikin 1985 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yanke cewa lokotoron da aka aiko ya sa ido kawai, doka ba ta ɗora masa wajibin shiga aikin ba, tun da mara lafiyar ba tasa ba ce. Wannan hukunci ne na ƙasar da ƙwararru suka yi yawa kuma kowa ke tsoron lauya. A Abalak ko Kaita, inda mai sa idon shi ne kaɗai ƙwararre cikin tafiyar sa'o'i, ba zai yiwu ya harɗe hannu yana cika takarda jini na malala ba. Ƙa'idar da ta dace da nan ita ce ya wanke hannu ya sa safa tun farko, ya yi shiru muddin aiki na tafiya daidai, ya karɓi wuƙa da zarar rai ya shiga haɗari, sa'an nan ya rubuta cewa ya karɓa, da dalilin karɓar.

Me zai duba? Mutane sukan zaci saurin hannu ne, alhali sauri shi ne mafi ƙanƙantar abin. Aikin yana farawa tun kafin a shiga ɗakin fiɗa. Shin wannan mace tana buƙatar fiɗar, ko kuwa da an jira sa'a guda da ta haihu da kanta? Fiɗar da ba ta zama dole ba tana barin tabo a mahaifa, tabon kuma yana iya fashewa a ciki na gaba, a ƙauyen da babu mota. Ko kuwa akasin haka ne, lokotoro yana jan ƙafa saboda tsoro, har ɗa ya mutu a ciki, uwa ta tashi da yoyon fitsari? Ya auna jininta? Ya tanadi wanda zai ba da jini kafin ya tsaga, tun da ba a fafe gora ranar tafiya? Ya yi magana da mai ba da maganin barci, ko kowa na aikinsa kamar ba su san juna ba? A cikin aikin, mai sa ido zai ga ko ya kare mafitsara kafin ya buɗe mahaifa, da yadda yake fito da kan da ya cushe a ƙugu bayan doguwar naƙuda, da abin da yake yi idan mahaifa ta ƙi tsukewa jini ya ɓalle, wanda shi ne lokacin da ake gane mai natsuwa. Zai ga ko an ƙidaya auduga da almakashi kafin a rufe ciki. Bayan aiki kuma, zai ga ko lokotoro ya koma ya duba ta cikin sa'o'in farko, domin mata da yawa ba a kan tebur suke mutuwa ba, a kan gado ne, cikin dare, jini na zuba a ɓoye babu mai auna bugun zuciya. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka 22, aka buga cikin 2019, ya sami cewa kimanin mace 5 cikin 1,000 ke mutuwa bayan haihuwa ta fiɗa, wato kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma zubar jini da matsalar maganin barci suna kan gaba cikin dalilai. Abu na ƙarshe da za a duba, wanda ya fi duka wuyar koyarwa, shi ne ko mutumin ya san iyakarsa, ko yana iya cewa wannan ya fi ƙarfina, a kira wane, ko a sa ta a mota tun da sauran lokaci.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan aiki ana son idon da mudun gaba ɗaya. Babban lokotoro da ya dawo ya ce wa darakta yaron nan ba laifi, bai ba da abin da za a kafa hukunci a kai ba. A rubuta: ranar kaza, aiki iri kaza, abin da aka gani, abin da ya faru da mara lafiyar har ranar sallama. Izinin kuma a raba shi. Wanda ya nuna ƙwarewa a ƙaba da haihuwa ta fiɗa a sakar masa su, amma ɗinkin hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, ko cire mahaifar da ta fashe, a ci gaba da tsaya masa har su ma a gani.

Babban abin da zai iya lalata wannan tsari ba rashin kuɗi ba ne, kunya ce. Lokotorori a jaha guda ba su da yawa, duk sun san juna. Wannan ɗalibin wancan ne, wannan ɗan garinsu ne, wancan surukin wane ne. Da wuya mutum ya rubuta da hannunsa cewa ƙanen abokinsa bai isa ba tukuna. Akwai kuma haɗarin da ke ɗaya gefen, wato babba ya danne ƙarami saboda hassada, ko don yana ganin zai raba masa marasa lafiya a asibitinsa na kuɗi. Maganin biyun ɗaya ne: kada hukunci ya rataya ga mutum guda. A sami masu sa ido biyu inda hali ya yi, a nuna wa wanda aka duba abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu, ya kuma sami inda zai kai kuka idan yana ganin an zalunce shi. Turawa ma ba su tsira daga wannan cuta ta rufa wa juna asiri ba. A birnin Biristol na Ingila, rahoton gwamnati na 2001 ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun mutu bayan fiɗar zuciya fiye da yadda za a sa rai a wani asibiti irinsa. Masu fiɗar manya ne, ba sababbi ba, kuma lokotoron maganin barci da ya riƙa tara alƙaluma yana faɗa, ƙarshenta barin ƙasar ya yi. Saboda haka furfura ba ta ɗauke wa kowa wannan ƙa'ida. Ƙwararren da ya shekara 20 yana buɗe ciki, ranar da ya soma fiɗa da na'ura mai kyamara ta ƙaramar huda, sabo ne a wannan aikin.

Za a ce ƙwararrun Tawa ba su ishi babban asibitin jaha da cibiyar uwa da yaro ba, balle a aika su gundumomi. Gaskiya ne, kuma ba a rena wannan uzuri. Amma lissafin bai tsaya nan ba. Duk lokotoron gunduma da aka tabbatar da hannunsa, ya rage wa Tawa motocin da ke isowa tsakar dare. Duk wanda aka sake ba a gani ba, aikinsa da ya ɓaci Tawa zai dawo, a lokacin da gyara ya fi tsada. Kwana uku ko huɗu da ƙwararre zai yi a Buza ko Illela, a tara masa ayyukan da aka shirya wa rana, ya kuma kwana a asibitin domin ya ga na dare, sun isa a fara. Abin da ya rage a cika shi da karanta takardun marasa lafiya kowane wata, da wayar salula da ke ba sabon lokotoro damar kiran babbansa kafin ya tsaga. Jahar tana da asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950 kuma yake horar da masu fiɗa. Ba laifi ba ne hukuma ta nemi hannunsa a wannan aiki. Abin da ke wajibi shi ne kuɗin mai da guzirin mai sa ido su sami gurbinsu a kasafin hukumar lafiya ta jaha. Rangadin da ake yi don duba rajista da ma'ajiyar magani yana da amfaninsa, haka ma zaman da ake yi don binciken mutuwar mace wajen haihuwa, sai dai na farko takarda yake gani, na biyu kuwa yana zuwa bayan an yi jana'iza.

Sababbin lokotorori kada su ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci. Su ne na farko da za su ci moriyarsa. A ƙaramin gari, mace ɗaya ta rasu a hannun baƙon lokotoro cikin watansa na farko, ko da ba laifinsa, labari ya gama kasuwa, mata su soma ƙin zuwa asibiti, shi kuma ya soma neman a mayar da shi Yamai. Wanda yake da rahoton ƙwararre a bayansa yana da abin da zai nuna. Rahoton kuma sau da yawa zai fallasa cewa matsalar ba ta hannun mutum ba ce, ta fitila ce, ko tukunyar dafa kayan aiki, ko rashin jini, abubuwan da ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin rubuta wa na sama da shi, amma babba zai rubuta a saurare shi.

Mara lafiya ma tana da hakkin a gaya mata, da Hausa ko da Tamajak, cewa mutum biyu za su tsaya a kanta, da wanda zai riƙe wuƙa, da dalilin zuwan na biyun. Kuma waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, da yawansu yanzu ke zaune cikin kwamitocin kula da gidajen likita na Bambeye da sauran ƙananan hukumomin Adar, suna da ikon yin tambaya a taronsu da shugabannin lafiya na gunduma: sabon lokotoron da aka kawo asibitin da ake tura matan ƙauyukansu, wane ƙwararre ne ya tsaya a kansa, aiki nawa ya gani, kuma a wace rana aka sa hannu a takardar?